Dokar Wasa a Hannun Wa Take? Daga Gurbin Dara zuwa Allon Salula a Ƙasar Maraɗi

Matafiyin da ya taso daga Yamai bisa babbar hanyar kwalta ya nufi Damagaram, sai ya ratsa Gidan Rumji da Tsibirin Gobir kafin ya kai Maraɗi. In ya wuce kuma ya bi ta Cadawa da Agye da Gazawa, sannan Tasawa. A kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan, in rana ta yi sanyi, zai tarar da taro iri biyu. Ga dattawa a gindin bedi sun tona gurabe a ƙasa suna dara, ƴan kallo sun yi musu zobe. Can gaba kaɗan ga samari cunkushe cikin rumfa gaban akwatin talabijin, ko kuwa a fadarsu ta shan shayi, kowa ya duƙufa kan salula, ana buga ƙwallon da ba ta tada ƙura. Duka tarukan biyu ba su rabuwa da gardama, domin wasan da ba a yi masa gardama ba bai cika wasa ba. Sai dai akwai bambanci guda, wanda shi ne jigon wannan maƙala. In dattawa suka saɓa kan doka, masu yanke hukuncin suna nan zaune a wurin. In samari suka wayi gari suka iske an sauya musu wasa, wanda ya sauya shi yana Tokyo ko Kalifoniya, bai san da zamansu ba. Za mu bi tarihin yadda dokar wasa ta fita daga hannun mai wasa, da dabarun da mai wasa ya yi don ya riƙe wani abu daga cikinta.

Lokacin da doka take gindin itace

Dara tsohon wasa ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Zabarmawa suna kiran irinsa dili. Tsarin da aka fi sani shi ne gurabe 30, layi 5 kowane da gurbi 6, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12. Ɗaya ya ɗauki guntayen kara, ɗaya ya ɗauki tsakuwa. Ana farawa da dasa ƴaƴa ɗaya bayan ɗaya, in sun ƙare a shiga turawa. Wanda ya jera uku sai ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Wannan shi ne ƙashin bayan wasan. Abin da ya rage kuwa, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Shin an yarda a jera uku tun ana dasawa? In ƴaƴa huɗu suka jeru, an ci ko ba a ci ba? Ana iya cin ɗan da ke cikin jerin da ya riga ya tsaya? Amsoshin sun bambanta daga wuri zuwa wuri.

Ƙasar da muke magana a kanta mahaɗa ce. Katsinawa sun kafa mulkinsu a Maraɗi bayan jihadin farkon ƙarni na 19, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a 1836 ƙarƙashin Sarkin Gobir Mayaƙi, bayan yaƙin Gawakuke. Ga Fulani makiyaya, ga Buzaye masu saukowa daga arewa, ga fatake da ƴan kasuwar mako. Inda mutane suka haɗu haka, dole a daidaita kafin a fara. Baƙon da ya zauna bakin gurbi yakan tambayi yadda ake yi a garin, in ya ga abin da bai saba ba ya faɗa, ƴan kallo su sa baki, a tsai da magana. Haka yara suke yi a langa kafin su fara: a shata iyakar fili, a zaɓi ruwa, a faɗi abin da ke fid da mutum daga wasa. Har wasannin da suka zo daga waje sun bi wannan hanya. Ludo, wanda aka yi wa rajista a Ingila a 1896 bayan an samo shi daga wani wasan Indiya, da ya iso nan sai kowane gida ya yi masa tasa doka kan shida da kan tare hanya. Haka karta, haka belot a fadodin samari.

Abin lura shi ne, a wannan zamani ra'ayin ɗan wasa da dokar wasa abu ɗaya ne. In mutane suka ga wata doka tana ɓata wasa, sai su bar ta. Sauyi yakan zo sannu a hankali, ba kuma wanda zai kwana ya tashi ya iske an yi shi a bayan idonsa.

Takobi da alƙali

Karo na farko da doka ta yi nisa da ƴan wasa a idon kowa, a fagen kokowa ne. Kafin nan kokowa ta kaka ce: an gama girbi, gari ya gayyaci gari, makaɗa su yi kiɗa, ƴan kokowa su yi kirari, tsofaffin ƴan kokowa su raba gardama. A 1975, shekara guda bayan hawan Seyni Kunce, aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, kuma ɗan Maraɗi ne ya ɗauki takobi, wato Yakuba Ango da ake kira Kantu, wanda filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Daga nan aka samu alƙalai masu usur, da lokaci ƙayyadadde, da rubutacciyar doka, kowace jaha kuma ta kawo ƴan kokowa 10.

Masu sauraren Muryar Sahel ba su taɓa daina gardama kan hukuncin alƙalai da kan sauye-sauyen doka ba. Wasu na ganin agogo ya rage wa kokowa armashi, wasu na ganin shi ya hana a kwana ana riƙe-riƙe. Amma duk zafin gardamar, mai ƙorafi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Hukumar kokowa tana Yamai, shugabanninta ƴan ƙasa ne, suna jin Hausa ko Zabarmanci, suna zuwa fili suna jin ihun jama'a da kunnensu. Doka ta bar gindin itace, amma ba ta ƙetare iyakar ƙasa ba.

Hanya, wuta da kasuwa

Wasan bidiyo ya daɗe a duniya kafin ya iso nan. Kamfanin Atari na Amurka ya fito da Pong a 1972, Nintendo na Japan ya fito da na'urarsa ta gida a 1983, aka ƙirƙiro Tetris a Mosko a 1984. Abubuwa uku suka kawo shi ƙasar Maraɗi. Na farko hanya: kayan da suka sauka Kano da Katsina suna shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, cikin kasuwancin da alhazan Maraɗi suka shahara da shi. Ta nan kwaikwayon na'urorin Nintendo masu araha, ƙirar Asiya, da ƴan ƙananan na'urorin hannu masu wasan jera tubali suka shigo. Na biyu wuta: babban layin lantarki da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina ya taso, a Gazawa kuma yake sauka kafin ya rabu gabas da yamma. Gazawar nan tana cikin gundumar Agye har zuwa 2011, lokacin da aka mai da ita gunduma mai zaman kanta. Na uku gidan kallo: tun da finafinan Hausa na Kano suka fara bazuwa bayan Turmin Danya na 1990, aka saba da rumfar da ake biyan ƴan daloli a shiga a zauna gaban talabijin. Da finafinan Indiya da ƙwallon Turai suka cika ta, mai rumfa bai sha wuya ba wajen ƙara na'urar wasa a gefe.

Salula ta biyo baya. Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Orange ya shigo a 2008, daga baya ya zama Zamani. Ga mutane da yawa, musamman a ƙauyukan da layin wuta bai kai ba, wasan bidiyo na farko da suka taɓa shi ne macijin nan na Nokia 3310, wadda ta fito a 2000.

Zamanin faifai

Na'urar da ta fi kowace kafa gidan gem ita ce PlayStation 2 ta kamfanin Sony, wadda ta fito a 2000, aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya. Tana da juriya, ana samunta ta hannu, masu gyara kuma sun san cikinta. A kanta aka buga Mortal Kombat da GTA San Andreas na 2004, amma ƙwallon ƙafa ce sarauniya. Nan ne aka samu gardamar da ta raba samari gida biyu: masu Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami, wanda aka fi sani da PES, da masu FIFA na kamfanin EA, wanda ya fara fitowa a 1993. Hujjar masu FIFA ita ce sunayen ƙungiyoyi da riguna na gaskiya, domin kamfanin ya sayi izni. Hujjar masu PES ita ce motsin ƙwallo da nauyin bugu, da cewa gwaninta ce ke ba da nasara. PES 6 na 2006 da PES 2013 har yau ana ambatonsu a ƙasashe da yawa a matsayin gwanayen jerin.

Faifai yana da wata daraja da ba a gane ba sai bayan ya wuce. Abin da aka sa a cikinsa ya zauna ke nan. Kamfani yana iya fito da sabo kowace shekara, amma ba ya iya shiga rumfar wani a Gidan Rumji ya taɓa tsohon. In sabon bai yi wa masu wasa daɗi ba, mai rumfa ya mai da shi cikin kwali ya sako na bara, domin abokan cinikinsa ne ke biya. Bugu da ƙari, a cikin wasan akwai wurin gyara sunaye da riguna. Da Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, duk yaron da ya iya wannan gyara yana da ikon rubuta sunan Musa Maazu ya sa shi gaba ya ci Barcelona. Dokokin rumfa kuma na masu rumfa ne: minti nawa za a buga, wanda aka ci shi ne zai biya ko ya tashi, an yarda mutum biyu su ɗauki ƙungiya ɗaya ko ba a yarda ba. Wato ruhin gindin itace ya biyo na'ura cikin rumfa.

Sony ya daina ƙera wannan na'ura a farkon 2013, PES 2014 kuma shi ne na ƙarshe da Konami ya yi mata. Duk da haka ba ta mutu ba. Masu sha'awa a ƙasashe daban-daban suka ci gaba da ɗaukar tsohon wasan suna sa masa sababbin ƴan wasa da riguna, kamar yadda ƴan Barazil suka shahara da nasu mai suna Bomba Patch. Irin waɗannan faifai da aka yi wa kwaskwarima sun cika kasuwannin Afirka ta Yamma. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ranar da aka wayi gari wasa ya sauya

Babbar salula mai intanet ta zo da sabon tsari. Ludo King ya fito daga Indiya a 2016, Free Fire na kamfanin Garena a ƙarshen 2017, PUBG na salula a 2018. Yawancinsu kyauta ake saukewa, amma zuciyar wasan tana kan na'urorin kamfani. Abin da Faransanci ke kira mise à jour, wato sabuntawa, ya zama dole: in ba ka sabunta ba, ƙofa ba ta buɗuwa. Ko ludo da kowane gida ke da tasa doka, a salula sai dai a zaɓa cikin abin da kamfani ya tanada.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Konami. A 2021 kamfanin ya jingine sunan PES, ya fito da eFootball 2022 ranar 30 ga Satumba. Fuskokin ƴan wasa sun fito a karkace, motsi ya lalace, ƙungiyoyi 9 kawai ake iya ɗauka a wasan sada zumunci, babu kuma Master League, sashen da mutum ke rainon ƙungiyarsa shekara da shekaru. A kasuwar wasanni ta Steam, waɗanda suka yaba masa ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, ya zama wasan da aka fi kushewa a wurin a lokacin. Konami ya ba da haƙuri a fili, ya mayar da kuɗin waɗanda suka sayi wani ƙunshi tun kafin ya fito, ya kuma ɗage babban gyaran har zuwa Afrilun 2022. A watan Yunin 2022 sauyin ya iso salula, ya maye gurbin PES 2021. Nan ne abin ya taɓa irin mutanenmu kai tsaye, domin sabon ya fi nauyi, kuma wayoyi da yawa masu ƙaramin ƙarfi ba su iya ɗaukarsa. A ɗaya ɓangaren, EA da hukumar FIFA suka raba gari bayan kusan shekara 30, wasan ya koma EA Sports FC a Satumbar 2023.

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, in ji Hausawa. Amma makaɗin gargajiya yana kallon ƙafar mai rawa kafin ya sauya. Ƙorafin da ake ji a fadodi bai tsaya kan kyan hoto ba. Sabuntawa tana cin kuɗin intanet da za a yi kwanaki ana amfani da su. Tana cika waya har sai an goge hotuna. Tana iya rage ƙarfin ɗan wasan da aka daɗe ana tarawa don a same shi. Wanda ya sa kuɗi ya sayi gwanaye kuma yana iya cin wanda ya fi shi iyawa, abin da ba ya yiwuwa a bakin gurbin dara.

Muryar wa ake ji?

Kada a ɗauka ra'ayin ƴan wasa ba shi da tasiri. A Nuwambar 2017 fushin masu wasa ya tilasta wa EA dakatar da sayayyar cikin wasan Star Wars Battlefront II ana gab da fitar da shi. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi ba tare da an san abin da ke ciki ba caca ne, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin FIFA a ƙasar. Tambayar da iyaye da malamai ke yi a nan, wato ina iyaka tsakanin wasa da caca, ashe wasu hukumomi sun riga sun yi ta. Amma a dubi waɗanda aka saurara: masu katin banki, masu rubutu da harsunan da kamfani ke karantawa, ƴan ƙasashen da dokarsu ke iya taɓa ribarsa. Yaron Cadawa da ya yi ƙorafinsa da Hausa a gaban tukunyar shayi ba ya cikin lissafi.

Saboda haka ya nemi tasa hanyar, kuma hanyar tsohuwa ce: ya ƙi. Manhajar PPSSPP, wadda ta fito a 2012, tana bari a buga wasannin tsohuwar na'urar hannu ta Sony a kan salula ba tare da intanet ba. A kanta ake ɗora tsohon PES da aka sa wa sababbin sunaye, ana tura shi daga waya zuwa waya ta Xender ko katin ajiya, ko a saye shi wurin masu tura waƙoƙi da finafinai a kasuwa. Wasu za su ce sabo turken wawa. Tarihi ya nuna akwai lissafi a ciki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar tun daga watan Agusta, ba ta maido ba sai Maris na 2024. A irin wannan hali, wasan da ke zaune cikin waya, wanda ɗan faifan hasken rana ya isa ya raya shi, ya fi wanda ke jiran izni daga wata nahiya. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da ya rage gare mu

Wannan tarihi yana da aiki ga malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu. Na farko, dokokin dara da langa na Tsibiri da na Agye da na Gazawa suna cikin kawunan dattawa, kuma kowace rasuwa tana tafiya da wani ɓangare. Ya kamata a rubuta su gari-gari, da kalmominsu da bambance-bambancensu, ba tare da an matse su cikin doka guda ba, domin bambancin nan shi ne shaidar cewa wasan na mutane ne. Na biyu, gardamar da ɗalibai ke yi kan wasanninsu abin koyarwa ce. Yaron da ya iya bayyana dalilin da ya sa sabuntawa ta ɓata wasa ya fara koyon kafa hujja. A sa shi ya rubuta ta, da Hausa da Faransanci, a kuma tambaye shi wa ke cin riba in ya sayi akwatin sa'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, don haka maganar lokaci da barci da karatu ma tana da wurinta a aji. Na uku, an riga an nuna cewa ɗan Nijar yana iya ƙera nasa: a shekarun 2010 Mahaman Sani Housseyni Issa ya fito da Les Héros du Sahel a Yamai. Babu abin da zai hana dara ta shiga salula da dokar Gobir da dokar Katsina, mai wasa ya zaɓi wadda garinsu ke bi.

Dattijon da ke gindin bedi da jikansa da ke rumfar gem ba su cika zama wuri ɗaya ba, kowa yana ganin wasan ɗan'uwansa ɓata lokaci ne. Ƙungiyar al'adu da ta shirya gasa rana guda, dara da safe, ƙwallon talabijin da yamma, ta kuma bar ƴan wasan kowane ɓangare su tsai da dokarsu a gaban jama'a kafin a fara, za ta ba jikan damar ganin yadda ake yin doka da baki, ta ba kakan damar ganin cewa yaron ma yana da abin da yake karewa.